Falon Jarumar Fim da Ƙurar Zariya: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da na fara riƙe wannan fili ban taɓa ganin makon da saƙonninku suka taru a kan magana ɗaya kamar wannan ba. Duk a kan bidiyon gidan nan ne na wata jarumar finafinan Hausa a Maitama ta Abuja, wanda ta tashi daga cikinsa, dillali ya bi ɗaki-ɗaki da waya yana nunawa, daga ƙarshe ya ce haya naira miliyan 25 a shekara, har da kayan ciki. Ba zan kama sunanta ba, don ba ita ce a gabanmu ba, gidan ne. Sau uku muka kalle shi a shago ni da yarana masu ɗinkin labule, muna tsayar da shi muna ƙare wa kowace kusurwa kallo. Ga wasiƙu huɗu da na zaɓo.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ni amarya ce, bikina bayan Babbar Sallah in Allah ya kai mu. Angon ya kama mana ɗaki biyu da falo a Gyallesu. Tun da na ga falon nan na kasa cire shi a raina: fararen kujeru, teburin gilashi, fitilar nan mai rataye kamar inabi, labule tun daga silin har ƙasa. Babana malamin firamare ne da ya yi ritaya, Mama kuma ta shiga adashe biyu saboda kayan ɗakina. Ƙawayena sun ce in ban yi irin na zamani ba za a raina ni ranar jere. Anti, tsakani da Allah falon bai yi kyau ba? Kuma yaya zan yi in samu irinsa?
Daga 'yarki a Tudun Wada.

AMSA: 'Yata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Falon ya yi kyau, ba zan ce miki bai yi ba. Wanda ya tsara shi ya san aikinsa. Amma ki koma ki sake kallo, ki lura da abin da ya sa ya shiga ranki. Ba farin kujerar ba ne. Fili ne. Falon nan zai ci falonki huɗu, kuma kayan da ke ciki ba su cika rabinsa ba. Launi uku kacal aka yi amfani da su, fari da ruwan toka da ɗan ruwan zinare a bakin madubi. Sannan an buɗe tagogi, an kunna kowace fitila da rana tsaka don kyamara ta ɗauka. Ki kwashe kujerun nan ki zuba su a falon haya na Gyallesu, ko wurin shimfiɗa dardumar salla ba za ki samu ba.

Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗinkin labule da jeren amare a garin nan, kuma abin da na fi sani game da farar kujera shi ne ba ta san hunturu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ki share falo da hantsi, kafin la'asar za ki iya rubuta sunanki da yatsa a kan tebur. Gidan da kika gani tagoginsa a rufe suke dare da rana, na'urar sanyaya ɗaki ce ke aiki, akwai masu aikin da ba su da wata hidima sai goge-goge. Ke kuwa taga a buɗe za ki kwana da ita a watan Maris da Afrilu, in ba haka ba zafi ya hana ku barci. Akwai wata amarya da na yi wa jere a Hanwa, ta nace sai fari, na ba ta shawara ta ƙi ji, na yi mata abin da take so. Da na koma gyaran sandar labule bayan wata bakwai, na tarar ta lulluɓe kujerun duka da zannuwan gado. Dangin miji sun zo ganin ɗaki da yara, an ci tuwo da miyar taushe, an sha kunu, wata ta zauna da ɗanyen lalle a hannu. Ta ce mini, Anti, yanzu baƙo in ya yi sallama gabana faɗuwa yake yi. Maganar nan ta daɗe tana damuna, domin ɗakin amarya a wurinmu na mutane ne, ba na hoto ba.

Teburin gilashi kuma, ki tuna nan da shekara biyu in Allah ya yarda akwai mai rarrafe. Fitilar rataye tana son silin mai tsayi. Gidajen hayarmu silin ɗinsu a kusa yake, kuma tsakiyar falon wurin fanka ne. In kika cire fanka kika rataya fitila, za ki gane kurenki ranar da bazara ta kama. Kada ma ki bari a sa ki yin silin POP a gidan da ba naku ba. Kwano in yana yoyo, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya fitar masa da tabo, ya jiƙa ya fara zubowa, ranar da za ku tashi kuma ba za ki ɓamɓare shi ki tafi da shi ba, mai gida kika yi wa.

Abin da za ki ɗauko daga falon nan ba shi da tsada. Labulen da ya burge ki, sirrinsa shi ne an kafa sandar can sama kusa da silin, ba a bakin taga ba, shi ya sa ɗakin ya yi kamar ya ƙara tsawo. Wannan ƙarin yadi kaɗan ne. Ki zaɓi launi biyu ko uku ki tsaya a kansu, kujera ruwan ƙasa ko ruwan toka mai duhu, labule ya fi ta haske. Ki rage yawan kaya. Sai ki sa ido a inda ba a gani: ki je wurin kafinta a Sabon Gari da kanki ko ki tura yayanki, a ga ƙashin kujerar kafin a rufe ta da yadi. Katako ya zama busasshe, soso ya zama mai nauyi. Ɗanyen katako da soso mai araha su ne ke sa kujera ta lotsa tun ba a yi suna ba, ko da kuwa yadin nata na waje ne.

Bari in gaya miki wani abu game da jere, tunda ƙawayenki sun tsorata ki da shi. Ɗakin kakata a cikin birni, daga ƙasa har kusa da rufi kwalla ce da tasoshi da fanteka, an jera su sahu-sahu a kan sif, ga gadon ƙarfe mai rumfa da katifu a tare. 'Yan yanzu in suka ga hoton irin wannan ɗaki sai su ce ƙauyanci. Ba su san banki ba ne. Ranar da kakanmu ya kwanta ciwo, tasoshi shida ta sauke aka kai kasuwa, aka yi magani, ba ta roƙi kowa ba. Kujerar da Mama za ta zuba adashe biyu a kanta, ranar da aka sauke ta daga mota ta rasa kusan rabin darajarta. Ki zauna da Mama ku yi lissafi. In adashe ɗaya zai yi kayan ɗaki masu ƙarko, ɗayan ki roƙe ta ta saya miki ɗan kunnen gwal ko keken ɗinki. Masu zuwa ganin jere yini ɗaya za su yi su watse, mahaifinki kuwa fansho yake jira.

TAMBAYA: Hajiya, ni malamin sakandare ne. Abin da ya ɓata mini rai ba adon ba ne, kuɗin ne. Miliyan 25 hayar shekara ɗaya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000! Wannan ba almubazzaranci ba ne? Kuma ina 'yar fim ta samu irin wannan kuɗi? A ɗakin malamai mun yi ta muhawara, wasu na cewa ƙarya ce dillalin ya yi.
Daga wani malami, Ƙofar Doka.

AMSA: Malam, na yi lissafin da ka fara. Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, sau 12, ta kama 840,000 a shekara. Ke nan mai wannan albashi sai ya yi kusan shekara 30 bai ci ba bai sha ba kafin ya tara hayar shekara ɗaya. Duk wanda ya ji wannan bai ji wani abu ya tokare masa ƙirji ba, to a duba zuciyarsa. Ina tare da kai a nan.

Amma ban ga alamar ƙarya a kuɗin ba, domin ba kujera ake biya ba. Da za a kwashe kayan cikin gidan kaf a bar bango, kuɗin ba zai sauka sosai ba. Unguwar ake saye. Tun da gwamnatin tarayya ta koma Abuja daga Legas a watan Disamban 1991, Maitama da Asokoro suka zama mazaunin ofisoshin jakadanci da manyan jami'ai da kamfanoni. Filin can ba ya ƙaruwa, masu nema kuwa kullum ƙaruwa suke, kuma da yawansu ba daga aljihunsu suke biya ba, ofishinsu ke biya, wasu ma da dala suke lissafi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Mai gidan da ke auna dukiyarsa da dala ba zai bar haya inda take ba. Ƙara da tsadar gini: a Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, tayil da fitilu da kayan banɗaki kuma yawancinsu daga waje ake shigo da su.

Kuma miliyan 25 ɗin ma ba ita ce ƙarshe ba. Akwai la'adar dillali, wadda aka saba kashi 10 cikin 100, akwai kuɗin lauya, akwai kuɗin ajiya da ake riƙewa ko za a ɓata wani abu, akwai kuɗin hidima na masu gadi da shara da man janareto. Wuta kuma, tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, gida mai na'urar sanyaya ɗaki a kowane lungu kuɗin wutarsa kaɗai ya fi albashin malami. Abin da mai kuɗi ke saye a can shi ne ya murɗa famfo ruwa ya zo, ya danna makunni wuta ta kama, ya kwanta bai ji tsoro ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, Malam, fiye da miliyan 25 ɗin. Abubuwan da ya kamata kowane gida a Ƙofar Doka da Gyallesu ya samu sun zama kayan alatu da sai mai miliyoyi. Mu nan mai ruwa muke jira da kurarsa.

Maganar ina ta samu kuɗi kuwa, nan zan rabu da kai. Ba mu ga takardar haya ba, ba mu san ko ita ta biya ba, ko kamfanin da take wa talla, ko gidan na danginta ne. Allah ya hore mu da nisantar yawan zato a Suratul Hujurat, kuma mace in ta yi suna bakin mutane ya fi saurin kai wa ga mutuncinta. Kai malami ne, 'yan mata na zaune a gabanka kullum suna jin yadda kake maganar mata. Hukuncin almubazzaranci na bar wa malaman addini, su suka san iyakarsa. Abin da na riƙe shi ne hadisin da ya ce mu dubi na ƙasa da mu a abin duniya, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar da Allah ya yi mana.

TAMBAYA: Anti, ni ɗalibi ne a jami'ar Ahmadu Bello, ina haya a Samaru. Mai gidanmu ya sa tayil da silin POP da wasu fitilu masu launi, sai ya ninka mana haya, wai gida ya koma na zamani. Rijiyar gidan tana ƙafewa tun Fabrairu. In biya ko in tashi?
Daga ɗanki a Samaru.

AMSA: Ɗana, wannan ita ce cutar da irin bidiyon nan ke jawo mana. Masu gidaje sun ga abin da ke ɗaukar ido, sai su kwaikwayi fatar su bar naman. Samaru tun da aka kafa jami'a a 1962 ɗalibai sun fi ɗakuna yawa, mai gida ya san in ka fita wani zai shigo, shi ya sa yake da ƙarfin hali. Amma fitila mai launi ba za ta yi maka wanka ba.

Ku haɗu ku duka 'yan hayar, kada ka je kai kaɗai. Ku same shi da ladabi, ku ce kun yarda da ƙari daidai gwargwado, amma a yashe rijiya a ƙara mata zurfi ko a haƙa burtsatse, kuma a rubuta a takarda da shaidu. In ya ƙi, ka lissafa abin da kake kashewa a sayen ruwa daga Fabrairu zuwa saukar damina, ka ɗora a kan sabuwar hayar, sannan ka zagaya Hayin Dogo da Zango da Palladan ka gwada, har da kuɗin motar zuwa aji. Duk ɗakin da za ka duba, kafin ka ɗaga kai ka kalli silin, ka leƙa rijiya, ka tambayi maƙwabta wuta, ka duba gindin bango ko akwai tabon damshi.

TAMBAYA: Hajiya, ni dattijuwa ce, jikata ce ta rubuta mini. Gidanmu na gado ne a cikin birni, zaurensa na ƙasa tun na kakan maigidana, Allah ya jiƙansa. Babban ɗana ya samu buɗi, ya ga gidan 'yar fim ɗin nan, ya ce zai rushe zauren ya gina falo mai gilashi irin wancan. Ban son in hana shi alheri, amma raina bai kwanta ba.
Daga uwarki a Kwarbai.

AMSA: Mama, na gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wasiƙarki ce ta sa na ajiye almakashi na zauna shiru.

Ki ce wa yayana ina gaishe shi, Allah ya ƙara buɗi, kuma niyyarsa ta gyara gidan mahaifinsa abin a yaba ce. Amma kafin ya kira masu diga, ya je ya yi azahar a tsohon Masallacin Juma'a na ƙofar fada a tsakiyar watan Afrilu, in ya samu dama ya ga abin da ya rage na tsohon ginin. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ƙasa da azara, kuma masana gine-gine daga ƙasashen duniya sun yi ta zuwa kallon bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin. Har yau akwai unguwa a birni da ke ɗauke da sunan Babban Gwani. Mu da muka tashi a nan ba mu rasa abin nuna wa duniya a harkar adon gida ba. Ina yarinya, in muka bi ta wasu lunguna na birni da Tudun Wada, fuskar gida kaɗai ta isa kallo: dagi, takobi, agogo, har keke an zana da ƙasa an fito da shi ɓaro-ɓaro, ga zankwaye a saman soro. Yawancinsu yanzu babu, an rushe an sa bulo.

Zauren nan da yake gani tsoho, aiki yake yi. Kaurin bangon tubali yana riƙe zafin rana ya hana shi shiga sai dare ya yi, shi ya sa da tsakar rana ciki yake da sanyi, da hunturu kuma da ɗumi. Rufin yana da tsayi, tagar 'yar ƙarama ce a sama, zafi ya tashi ya fice. Falon gilashi akasin haka yake. In ya fuskanci yamma, daga azahar ya zama tanda, sai da na'ura, na'ura sai da wuta, wuta kuma Mama kin fi ni sanin halinta a birni. Sannan zaure shi ne sutura. Baƙo namiji ya tsaya a nan, a yi gaisuwa, a ci abinci, a ɗaura aure, a karɓi gaisuwar rasuwa, matan gida na ciki ba wanda ya gan su. Gidan Maitama ba ya buƙatar zaure saboda yana da katanga da maigadi, kuma ba wanda ke zuwa sai da waya. Gidanku kuwa rabin unguwa ke shigowa.

Ba na ce ginin ƙasa ba shi da wahala ba. Yana son yaɓe, yana son a duba rufi da indararo duk shekara kafin ruwa ya sauka, kuma gara na cin azara in aka yi sakaci. In bangon ya tsage har ƙasa ko azara ta ruɓe, rai ya fi gini, dole a sauke abin da ya zama haɗari. Amma wannan magini ne zai faɗa, ba dillali ba, ba kuma mai sayar da tayil ba. Har yanzu akwai tsofaffin magina a birni da suka gaji aikin, a nemo ɗaya ya hau ya duba. Kada a bari a shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye don a ce an gyara, domin damshi na taruwa a bayansa, wata rana ya ɓamɓaro gaba ɗaya. Makuba aka san shi da ita, wato shafen gargajiya da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa.

In zauren lafiyarsa ƙalau, ya bar shi. Ya gyara daɓen, ya sa wayar wuta a cikin bututu, ya kafa fitila mai laushin haske a gindin bakan gizon yadda zanen zai fito, ya shimfiɗa kafet da tumtum na fata. Falon zamanin da yake so ya gina shi daga ciki, bayan shigifa, tagoginsa su kalli kudu ko arewa, da baranda mai inuwa. Kuɗin da zai kashe a rushewa da kwashe ƙasa ya isa ya sa sola da tankin ruwa.

Mama, ki sa jikarki ta aiko mini da kwatancen gidan ta ofishin mujalla. Ranar Juma'a ba na buɗe shago sai bayan la'asar, zan shigo birni in gaishe ki, in zo da tef ɗina in auna tagogin, in kuma ga zauren da idona.